Sobiyar da Na Ba Ka a Ƙofar Hajja Kande

Zuwa ga aminina Haruna Ladan, Abu Maryam, wanda yanzu ke kwance a Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ganin girma, ina roƙon Allah ya sa kana cikin sauƙi da yalwar makwanci. Ni ne Bukari, Bukarin ruwa, abokinka tun muna yawo ba takalmi a lungunan Karantina, unguwarmu ta Jidda. Ka san ban iya riƙe alƙalami ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Ɗiyata Zainabu ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki, in ta gama kuma ta aika inda mutanen tsohuwar unguwarmu ke taruwa a waya, kowa ya karanta. Ta ce in sake tunani. Na ce wata biyu ke nan ina tunani, ya isa.

Akwai abin da na yi maka, ba ka sani ba har ka tafi. Shi zan faɗa. Amma ka bar ni in ɗauko shi daga tushe. Kai ne ma mai cewa in aka tambayi Bukari hanyar masallaci, sai ya fara da wanda ya aza tubalin farko.

Ka tuna zagayen Alhamis. Mu uku, ni da kai da Idi Direba. Da an sallame la'asar sai mu kama hanya, kuma hanyar ba ta canzawa. Mu fara da gahawa, wato gidan shayin Amm Salihu, Bayamanen nan na bakin unguwar Nuzla, mu hau dogayen gadajen igiyarsa, a kawo shayi a ƙaramar buta, kai da Idi ku yi ta musu a kan wanda ya fi wani tsufa. Daga nan mu gangara wurin Mariya 'yar Chadi, mai zoɓon da cittarsa ke sa mutum tari. Sai rumfar 'yan Maraɗi, a dama mana fura ƙwarya ɗaya mu uku. A ƙarshe, kafin ka tafi kiran magariba, mu tsaya ƙofar Hajja Kande mu sha sobiya. Kai ka kafa wannan doka. Ka ce mai zafi a fara, mai sanyi a rufe, wanda ya juya tsarin ba ɗan Karantina ba ne.

Saboda yaran da za su karanta, waɗanda sobiyar leda kawai suka sani a watan azumi, bari in faɗi yadda Hajja Kande ke yi. Ni na fi kowa sani, don shekara ashirin ina kai mata ruwa a kafaɗa, garwa biyu a sanda. Sha'ir take jiƙawa da busasshen burodi, ta sa kirfa da ƙwayar hel mai ƙamshi da sukari, ta zuba a babbar randar ƙasa, ta rufe da ƙyalle. Randar na zaune kan jiƙaƙƙen rairayi a lungun da iska ke ratsawa. Ba ta da agogo, ba ta da ma'auni. Kunne take karawa a cikin randar ta saurara. Tana cewa, "In ta fara raɗa, ta nuna, a tace. In ta fara surutu, ta bar musulunci, a zubar." Kuma zubarwa take yi, Haruna. Da idona na ga ta tuntsurar da randa guda a kwata, mata suna salati don takaici, ita ko a jikinta. Ba ta taɓa barin sobiya ta kwana huɗu ba.

To, Allah ya ɗauki Hajja Kande kafin ta ga jan fentin rusau da aka shafa wa bangonmu. Mu muka gani. Katafila ta zo, kowa ya kama gabansa. Ɗanka ya ɗauke ka zuwa Madina, Idi ya hau Ɗa'ifa wurin surukinsa, ni kuma aka ajiye ni a hawa na huɗu a Bani Malik, gidan mijin Zainabu, inda ko maƙwabcin ƙofa ban san sunansa ba. Abin da ya rage mini shi ne kaina. Kowane lungu na Karantina yana nan ciki, da sunan mai gida da sunan wanda ya gada. Mutane kan bugo waya su tambaye ni ina ne gidan kakansu yake, in faɗa musu. Da wannan nake alfahari, kuma alfaharin ne ya kai ni inda nake yau.

Ranar da ka bugo ka ce kana tafe Jidda na kwana uku, Idi zai haɗu da kai, ka ce, "Bukari, ina so mu yi zagayen Alhamis sau ɗaya kafin ƙafa ta ƙi ni." Na ce ai an share wuraren. Ka ce, "Kai da ka ce komai na cikin kanka? Yalla, ka fito mana da shi."

A nan ne na ƙudura zan yi sobiyar Hajja Kande da hannuna. Shekara hamsin kana tsokanata, kana cewa ni baki ne kawai, hannuna ban da ɗaukar garwa bai iya komai ba. Dariya nake yi in ka faɗa, amma tana ci na. Na ce wannan karon sai na rufe maka baki.

Na sa aka nemo mini randar ƙasa. Na jiƙa ranar Asabar, don kun ce Talata za ku iso, kwana uku cif. Sai motar Idi ta lalace, kuka ɗaga zuwa Alhamis.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa yarda da shi a gaban kowa ba. Kunnena ya mutu, Haruna. Ya daɗe da mutuwa. Na hagu gaba ɗaya, na dama kuma sai an ɗaga murya. Zainabu ta sayo mini na'urar nan da ake maƙalawa a kunne, na jefa ta a aljihun tebur, na ce ni ba kurma ba ne, mutanen zamani ne ke magana a ciki-ciki. Kai kanka ka lura, ka taɓa ce mini a waya in daina ihu, Madina ba ta yi nisan haka ba.

Ranar Talata na kara kunne a randar. Shiru. Na ce ba ta nuna ba. Ranar Laraba na sake karawa. Shiru. Har na yi murna, na ce Allah ne ya riƙe mini ita sai baƙina sun zo. Ban tuna randar Kande kan jiƙaƙƙen rairayi take ba, tawa kuwa tana kicin a hawa na huɗu, kusa da murhun gas, cikin zafin Jidda.

Kuma an faɗa mini. Wannan shi ne wurin da nake so kowa ya ji. Da yammacin Laraba Zainabu ta ce, "Baba, randar nan fa tsuwa take kamar ana suya, tun daga falo ake jin ta." Na daka mata tsawa. Na ce ita ta yi shekara ashirin a gaban randa ko ni? Ta juya ta fita. Ga ta nan yanzu tana rubuta wannan da hannunta, ba ta ɗago kai ba.

Da safiyar Alhamis na tace. Na ga kumfar ta yi yawa, na ji ƙamshin ya yi kaifi. Na ƙara sukari da ƙanƙara, na ɗura a fulas babba, na ce wa zuciyata hancina ne ya tsufa.

Kun iso da hantsi. Ka rame, ka rage tsawo, amma muryar tana nan. Ka rungume ni ka ce, "Ya salam, har yanzu ba a mayar da kai gidan tarihi ba?" Idi ya ce ai sun nema, kuɗin ciyar da ni ne ya fi ƙarfinsu. Na ji kamar an cire mini shekara talatin daga kafaɗa.

Ba mu jira la'asar ba, don ƙafafunmu ba na da ba ne. Mun fara da Nuzla. Inda gahawar Amm Salihu take, fili ne da tarin duwatsu. Na tsaya na nuna muku inda ƙofa take, inda yake ajiye butoci, inda rediyonsa ke rataye. Ka ce na yi kuskure, ƙofar gabas take kallo. Na ce yamma. Muka yi ta yi har Idi ya ce in ba mu shiga mota ba zai tafi ya bar mu mu gina ta mu gani. Shayin sai a tsohon gari muka sha, a wata gahawa da aka gyara saboda masu yawon buɗe ido. Gadajen igiya suna nan, amma sababbi ne, ba wanda ya taɓa barci a kansu. Ka kurɓa ka ce shayin ya yi karatu da yawa.

Zoɓo ba mu samu ba. Mariya ta koma ƙasarsu, ba wanda ya san ko tana raye. Fura kuwa mun dace, wani mutumin Damagaram a nan Bani Malik yana damawa a bayan shagonsa, a kwanon roba. Da ya ji mu 'yan Karantina ne ya ƙi barin mu tashi sai da ya ƙara mana nono. Idi cokali biyu ya sha ya ajiye, saboda ciwon sukarinsa.

Duk wannan yawo fulas ɗin tana ƙarƙashin ƙafata a mota. Kowane rami muka faɗa sai in ji ta a tafin ƙafata, tana motsi kamar mai rai. Ka tambaye ni mene ne a ciki, na ce ka jira.

Bayan la'asar muka shiga Karantina. Haruna, ka gani da idonka, ba sai na faɗa ba. Fili fetal, ba bango, ba inuwa, sai iska da ledoji. Ka tsaya ka rasa gabas. Ni na kama hannunka na ƙirga taku daga inda tsohuwar hanya ta karya, na ce nan ne masallacinka, nan matakalar da kake hawa, nan famfon da ba ya kawo ruwa. Na ƙara taku arba'in na ce nan ce ƙofar Hajja Kande. Ba ka yi mini musu ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da ba ka yi mini musu ba.

Muka shimfiɗa tabarma. Na fito da kofuna, na buɗe fulas. Murfin ya yi tsalle a hannuna. Idi ya dube ni, ya ce shi dai sukari ya hana shi. Na zuba maka, na zuba wa kaina.

Kurɓa ɗaya na yi. Ɗaya tak. Ta cije ni a harshe, ta hau mini hanci, ta sauka da ɗumi a ƙirji duk da ƙanƙarar. Ban taɓa shan abin maye ba, amma na sani. Wanda ya yi shekara ashirin yana shaƙar abin da Kande ke zubarwa a kwata ba zai kasa ganewa ba. Na buɗe baki zan ce ka ajiye.

Sai na ga ka rufe ido. Ka shanye kofin a numfashi ɗaya, ka ce, "Wallahi Kande ta dawo. Bukari, kai ka yi wannan?" Na ce ni ne. Ka miƙo kofin.

Na zuba maka.

Ba zan ɓoye a bayan komai ba. Ba mantuwa ba ce, ba kurumta ba ce, wannan karon. Na riƙe nawa kofin a hannu ina kai shi baki ba na sha, na zuba maka na biyu, na zuba maka na uku. Abin da na jira shekara hamsin in ji daga bakinka na ji, kuma na kasa cewa, a'a, ɓatacciya ce, ban iya ba. Kai kuwa harshenka ya tsufa, cikinka kuma ba komai sai 'yar fura, ga magungunan da kake sha.

Ka fara dariya. Ka ba da labarin ranar da akuyar Mariya ta shiga masallaci, labarin da muka ji sau ɗari, ka kasa ƙarasawa don dariya. Daga nan ka yi kuka, ka kira sunan matarka. Idi ya ɗauka kewa ce. Ni kuwa gumi ya jiƙe mini riga.

Da rana ta faɗi ka miƙe, ka yi tangaɗi, ka ce shekara talatin kana kiran salla a wannan wuri, yau ma sai ka kira. Ka je ka tsaya daidai inda na nuna maka matakala, ka sa yatsu a kunne. Idi ya ɗaga waya yana ɗauka. Muryar ta fito kamar da, ko ni kurma na ji ta. Sai a tsakiya ka ruɗe. Ka maimaita abin da ka riga ka faɗa, ka tsallake na gaba, ka tsaya, ka yi 'yar dariya, ka sake ɗauka daga wani wuri. Kai da ba ka taɓa tuntuɓe a kiran salla ba ko ranar da zazzaɓi ya kayar da kai.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Na ɗaga kai ina duban sama, ina jira.

Abin da ya zo motar masu gadin filin ce. Ta tsaya, wani saurayi cikin kaki ya leƙo ya ce, "Ya ammi, an hana zama a nan, yalla." Ka san iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, a wuyan mijin Zainabu take rataye, kuma ka san abin da ake yi wa baƙar fata mai iƙama in aka same shi da irin wannan abu. A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana, amma jirgi ɗaya ya isa ya kai ni ƙasar da ban taɓa gani ba. Na sa ƙafa na ture fulas ɗin a bayan tabarma, rairayi ya shanye sauran. Ka nufi motar kana cewa yaron ya zo ya ɗanɗani sobiyar abokinka, Idi ya riƙo ka da ƙarfi. Yaron ya dube mu, tsofaffi uku a fili, ya girgiza kai ya ja motarsa.

A hanya barci ya ɗauke ka. Idi bai dube ni ba, idonsa na kan titi, ya ɗaga murya yadda zan ji ya ce, "Bukari, kwana nawa ta yi?" Na ce uku. Ya ci gaba da tuƙi. Idi, in kana karantawa, biyar ta yi. Na yi maka ƙarya, kuma na san ka san ƙarya ce.

Magaribar nan sai da ka farka ka rama ta. Ka ce kanka na sara, rana ce ta buge ka. Na ce haka ne, ranar Jidda ba ta san ɗan gida ba. Ranar Asabar da za ku tafi ka riƙe hannuna a bakin mota ka ce, "Na janye maganata. Hannunka ya iya abu ɗaya." Na yi murmushi. Allah ya gani, na yi murmushi.

Tun ina yaro nake jin malamai na cewa wanda ya sha abin maye, sallarsa ta kwana arba'in tana cikin hatsari. Ni ban yi karatu ba, ban san iyakar maganar ba, ban san wanda ta hau da wanda ba ta hau ba. Abin da na sani shi ne arba'in. Sai na fara ƙirga. Kowace safiya in ɗaura ƙulli ɗaya a wani zare, in ce ya Allah ka bar mini Haruna ya haye. Na ce in ya cika arba'in lafiya, shi ke nan, halas, ba sai na faɗa ba.

Sau uku na sa Zainabu ta kira mini kai da niyyar in faɗa. Sau uku muka yi hirar gwiwa da tsadar magani. A na ƙarshe ka ce muryata wani iri, ko ba ni da lafiya. Na ce mura ce.

Ƙulli ashirin da uku ne a zaren ranar da ɗanka ya bugo. Ya ce ka dawo daga asuba, ka kishingiɗa, shi ke nan. Aka yi maka salla a masallacin Manzon Allah, aka kai ka maƙabartar Baƙi'a. Duk wanda ya zo mini gaisuwa sai ya ce kai ka dace, ladan ya samu makwanci a inda kowa ke roƙo. Ni kuwa ina amsawa da amin. Sha bakwai suka rage, Haruna. Na kasa daina ƙirga su.

Tun daga ranar ban da natsuwa. In na tayar da salla sai in ji ɗumin nan a ƙirjina. In aka buga ƙofa sai in ce an zo. In ciwo kaɗan ya taɓa ni sai in ce tawa ce ta iso, kuma ba mutuwar nake tsoro ba kamar haɗuwa da kai. Ka tambaye ni, "Bukari, ka sani?" Me zan ce?

Duk da haka da na ci gaba da yin shiru, don ni mutum ne mai taurin kai, kowa ya shaida. Abin da ya karya ni shi ne hoton nan mai motsi. Bayan rasuwarka Idi ya sa shi a wayar 'yan unguwa, da kyakkyawar niyya, don a ji kiran sallarka na ƙarshe a Karantina. Zainabu ta karanta mini abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Da yawa addu'a ce. Amma wani ya ce ashe Ladan ya rikice kafin ya tafi. Wata ta ce dariya a tsakiyar kiran salla, Allah ya kyauta ƙarshe. Wani kuma, da na san ubansa da kakansa, ya ce shi dai ya ga masu irin wannan tangaɗin, kuma ba tsufa ke sa su ba. Aka bi shi da 'yan fuskokin dariya. An ce ɗiyarka Maryam ta gani, ta fita daga wurin.

Ranar Juma'ar da ta wuce na tare limamin masallacinmu bayan mutane sun watse. Kafin in fita gida na buɗe aljihun tebur na ɗauko na'urar na maƙala, don ban yarda in rasa kalma ɗaya daga amsarsa ba. Na ce masa wani mutum ne aka ba shi abin sha bai san ya juya ba, ya sha, ya mutu kafin arba'in. Ya ce wanda bai sani ba babu komai a kansa, ko kaɗan, Allah ba ya kama bawa da abin da aka ɓoye masa. Na sa ya maimaita. Ya maimaita. Na zauna a kan kafet.

Sai na ce, to wanda ya ba shi fa, yana sane? Ya dube ni. Ya ce wannan ya tuba, ƙofa a buɗe take, ya yi wa mamacin addu'a, in kuma ya jawo masa wani abin faɗa a bakin mutane, ya gyara gwargwadon ikonsa. Bai tambaye ni ko wane ne ba.

Shi ne nake gyarawa. Zainabu na tsoron abin da takardar nan za ta jawo mana, mijinta ma ya yi magana, kuma suna da gaskiya. Ni ma ina tsoro. Ban san hannun da za ta faɗa ba, ban san ko wani zai kai ta inda bai kamata ba. Na dai ce musu su ba su da hannu, an ma gargaɗe ni na ƙi ji, kuma ga shi a rubuce.

Haruna, ka ba ni aron takardarka in juya ga mutanenmu, layi biyu kawai. Ku da kuka ga hoton nan, ku sani Haruna Ladan bai rikice ba, kuma bai taɓa neman abin maye ba tun da uwarsa ta haife shi. Abokinsa ya amince wa, ya karɓi kofi daga hannunsa a ƙofar da ya saba sha shekara da shekaru. Wanda ke da dariya ko zargi, ga ni a Bani Malik, hawa na huɗu, ya kawo mini. Maryam, ɗiyata, ubanki tsarkakakke ne. Ki yafe wa baffanki in kin iya, in ba ki iya ba ban ga laifinki ba.

Na dawo gare ka, ɗan'uwana. Ban san yadda ake neman gafarar wanda ya riga ya kwanta ba. Da kana nan na san yadda za a yi. Za ka yi kwana biyu ba ka ɗaga wayata ba, a na uku ka bugo ka zage ni tas, ka ce dama ka faɗa, daga nan ka tambayi gwiwata. Wannan zagin nake nema, Haruna, ba kuma inda zan same shi. Kai kaɗai ka san ni tun ban zama tsohon da ake tambaya labarin gidaje ba. Kai kaɗai kake ce mini ƙarya nake in na ƙara gishiri. Yanzu duk abin da na faɗa sai a ce haka ne, Baba, kuma wannan ma tsoro yake ba ni.

Ya Allah, ga bawanka Haruna ɗan Musa, wanda ya tashe mu asuba shekara talatin ba a biyan sa. Ka karɓi sallolinsa duka, na farko da na ƙarshe, har da na kwana ashirin da ukun nan. Ka karɓi kiran da ya yi a filin Karantina yadda ya yi niyyarsa, ba yadda ya fito ba. Ka haskaka kabarinsa, ka sanyaya zuciyar 'ya'yansa. Kofi ukun nan kuwa, ya Ubangiji, ni na zuba, ina gani, ina sane. In akwai abin rubutawa a kansu, a rubuta a littafina, a bar nasa fari. Sannan in ka ga dama ka tausaya wa tsoho mai taurin kai, kada ka ɗauke ni sai ka yafe mini, don ina jin tsoro.

Ka huta lafiya, Abu Maryam.

Naka, mai laifi a gare ka,
Bukarin ruwa,
Bani Malik, Jidda.